Ranar da Suka Fitar da Ni Daga Akwati

Ni dai tun farko ban ga abin kallo a finafinan soyayyar nan na talabijin ba. Kullum labarin ɗaya ne. Yarinya ta gaji da Manila ta koma ƙauyensu, ta yi karo da wani dogon saurayi mai sayar da kofi, kofin ya zube mata a riga, su yi ta hararar juna, can sai ruwan sama ya sauko su tsaya a ciki kamar waɗanda ba su da gidan uba. Kuma ba ka taɓa jin ɗayansu ya yi ko atishawa. Amma a gidana, da an sauke shinkafar rana an wanke kwanuka, Sencia matar ɗana za ta kunna, ta jawo matata Prosing ta zaunar kusa da ita, su ƙura ido har la'asar.

"Tatang, kai fa ba wanda ya ɗaure ka a nan," in ji Sencia, Tatang ɗin nan shi ne Baba a harshenmu. "Ga tafarnuwa can a rumfa tana jiran a kitsa ta."

"Gidana ne. Ina da ikon in zauna in ji haushi."

"To ji haushinka a hankali, zai faɗa mata yanzu."

"Me zai faɗa mata? Abin da ya faɗa wa ta jiya. Ko rigar bai canja ba."

"Lakay, yi mana shiru," in ji Prosing, ba tare da ta waiwayo ba. Sai na yi shiru, don ranar da ta kira ni Lakay ranar ta san ni mijinta ne, kuma irin wannan rana ba na ɓata ta da gardama.

Sunana Teodulo Pagdilao, amma a San Gelacio in ka ce Manong Dulo na akwati, wato Yaya Dulo, kowa zai nuna maka gidana. Shekara arba'in da ɗaya ina zama a akwatin nan. Duk bikin waliyyin garinmu muna yin sarswela, wasanmu na waƙa a dandamali, kuma 'yan wasan ai manoman taba ne da masu sayar da kifi da malaman firamare, wa ke da lokacin haddace maganar awa uku? Don haka akwai ni. A bakin dandamali ake ajiye akwatin, in shiga in ba jama'a baya, kaina kawai ke daidai da ƙafafun 'yan wasa, da littafin da kakana ya rubuta da hannunsa a kan gwiwata. In karanta layi, ɗan wasa ya cafe ya jefa wa jama'a. Haka har waƙoƙin, baiti baiti. Na layin gaba suna jin komai sau biyu, kuma tun zamanin kakana ba a taɓa samun wanda ya yi ƙorafi ba.

A nan na fara ganin Prosing, daga ƙasa, idon sawunta na fara sani kafin fuskarta. Ta yi Masaƙiya, budurwar wasan, har ta kai shekara hamsin, ba wanda ya isa ya ce ta tsufa. Da kanta ta sauka ta koma uwar Masaƙiya. Akwai waƙar da uwar ke yi lokacin da 'yar za ta bar gida, baiti shida. Na ga ƙattin mahauta suna share hanci da bayan hannu a kan waƙar nan.

Shekara uku ke nan da kan Prosing ya fara zuba. Da fari busasshen kifi muka tsinta a cikin akwatin tufafi, muka yi dariya. Daga baya ta fara kiran ɗanmu Ruperto da sunan ƙanenta da ya mutu tun muna samari. Wata safiya ta dube ni a bakin murhu ta ce, "Manong, wa kake nema?" da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Mu uku muka san zurfin abin, ni da Sencia da Ruperto, shi kuma yana can a jirgin ruwa wata tara a shekara. Na hana a faɗa. Na san bakin garinmu. Ba mugunta za su yi mata ba, tausayi za su yi mata, su riƙa yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar jaririya, kuma Prosing da na sani gara ka mare ta.

Dandamali ne ya rufa mana asiri. Biki biyu ta hau bayan ciwon ya kama ta, ba wanda ya gane komai. Kowane ɗan wasa jira na yake, to nata jiran bai bambanta da na kowa ba. Ta dubi ƙasa ta gan ni, in ba ta layi, ta ɗauka da muryar nan tata, cif. In ta sauko mata su rungume ta suna cewa Manang Prosing ba ta tsufa. Abin da nake so ya zauna a zukatansu ke nan, ba wani abu ba.

Sai ga 'yan talabijin daga Manila. Shugabansu wani siriri ne mai hula a cikin ɗaki, kowa na ce masa Direk Renzo. Magajin gari da kansa ya kawo shi gidana.

"Tatang, mun zo mu raya sarswela," in ji shi. "Mu ɗauke ta a fim, duk ƙasa ta gani."

"Wa ya ce maka ta mutu? Watan huɗu da ya wuce muka yi ta."

Ya yi dariya har da tafi, ya ce wa na bayansa, "Ka ji shi? Ina son tsohon nan."

Ni ban so shi ba. Sharaɗinsa shi ne Masaƙiya da saurayinta za a ba wasu taurarinsu biyu, irin waɗanda ake haɗawa a fim bayan fim har mutane su ɗauka aure za su yi. Sencia ta kusa suma da ta ji sunayensu. Sauran matsayin na 'yan gari ne, kuma uwar Masaƙiya ta Prosing ce, da waƙarta baiti shida, a gaban kyamara huɗu.

Nan ne kwaɗayi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara arba'in tana waƙa a garin nan, abin da muke da shi 'yan guntayen hotunan waya ne masu rawa, rabi ƙeyar mutane. Na ce a raina, ko ba komai a samu guda mai kyau, wanda jikoki za su kunna su ga ko wace ce kakarsu kafin ta zama mai ɓoye kifi a cikin tufafi.

Da suka tafi Sencia ta same ni a rumfa.

"Tatang, ka gaya masa halin da Nanang ke ciki?" Haka take kiran Prosing, wato Inna.

"Me ya shafe shi?"

"Baƙi ne fa. Fitilu, wayoyi, mutanen da ba ta sani ba. Shekaranjiya ko banɗaki sai da na nuna mata."

"Muddin ina cikin akwati ba abin da zai faru. Ke dai je ki ji da masu zubar da kofinki."

Washegari na sa hannu a takardarsu, shafi biyar na Turanci. Ban karanta ba, sunan Prosing kawai na nema na ga sun rubuta shi daidai.

Kwana uku aka yi ana gwaji, kuma na ga abin da ya isa ya sa mutum amai. Taurarin nan ba sa jin ko kalma ɗaya ta Ilokano. Yarinyar tana tauna harshenmu kamar mai cin ɗanyen kuɓewa. Aka zaunar da ita a gaban masaƙa, ta riƙe ƙoshiya a juye, Direk ya ce ba komai, hasken ya yi mata kyau. Saurayin kuwa mutum biyu ke bin sa, ɗaya da laima ɗaya da madubi. In kyamara na kansu sai su narke wa juna, in an kashe kowa ya juya ya kama wayarsa, ko kallon juna ba sa yi. Wurin da kakana ya rubuta saurayi ya tsaya a ƙarƙashin taga ya roƙi iznin hawa gidan, suka ce ya yi tsawo, a sa ya kamo hannunta kawai. Har injin feshin ruwa suka kawo. Na ce a wasan nan rani ake, taba na bushewa. Direk ya ce, "Tatang, masu kallo na son ruwan sama."

Duk na haɗiye. A gwajin ina cikin akwatina, Prosing ta yi waƙarta ba gargada, har masu jan waya suka tsaya da aiki.

Ranar ɗauka aka sa ƙarfe biyu na rana, a rufaffen filin ƙwallon da ke gaban coci, aka toshe gefuna da baƙin yadi. Gari ya cika maƙil. 'Yan badujala sun zauna, an ɗaura wa kowane ɗan wasa ƙaramin makirfo a ƙirji. Ba a yi minti biyar da farawa ba sai mai kula da sauti ya cire abin kunnensa ya ɗaga hannu.

"Direk, komai sau biyu nake ji. Tsohon nan yana shiga ko'ina."

"Jiya fa?"

"Jiya ba mu ɗaura makirfo ba."

Direk ya zo ya tsuguna a bakin akwatina. "Tatang, yi haƙuri. Dole ka fito."

"In fito in je ina? Ba a sarswela ba akwati."

"A talabijin ana yi. Mutanenka sun yi wasan nan shekara da shekaru, ai sun haddace. Wanda ya manta za mu ɗaga masa allo daga gefe."

"Matata ba ta ganin rubutu daga nesa."

"To mu sa mata abin kunne, kamar na taurarinmu. Ka zauna a baya ka riƙa yi mata magana."

Ashe su ma 'yan gayun da mai ba su layi suke yawo, a ɓoye cikin kunne. Aka kawo abin, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, aka cusa wa Prosing a bayan labule, na yi magana ta cikin wata na'ura. Tana jin murya a cikin kanta ba fuska sai ta zabura, ta kaɗe kunnen, abin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin katako. "Ƙwaro! Ƙwaro ya shiga min kunne!" Aka yi dariya, har da ita. Aka ce tsofaffi da tsoron kayan zamani.

Sencia ba ta yi dariya ba. Ta ja ni gefe, ta riƙe min hannu da ƙarfi.

"Tatang, mu tafi da ita gida. Mu ce kanta ke ciwo. Manang Iling ta san waƙar, ta hau."

"Iling? Da muryar agwagwa?"

"Don Allah, Tatang."

Na leƙa na ga Prosing a zaune da zanenta na saƙa wanda ta ɗaura a bikin aurenmu, an gyara mata gashi, tana murmushi. Na ga kyamarori huɗu. Na ce wa kaina waƙar da mutum ya yi shekara ashirin yana yi ai ta wuce kai, ta shiga ƙashi. Da jin kiɗan za ta zo da kanta.

"Za ta iya," na ce.

Mutum biyu suka ɗauke akwatina kamar kwandon shara, suka jera tukwanen furen roba a wurin. Aka ba ni kujera a layi na huɗu. Tun ina ɗan shekara ashirin da shida rabon da in kalli wasan nan ta gaba, kuma abin da na gani bai yi min daɗi ba. 'Yan garinmu suna ta satar kallon allo, suna tuntuɓe da maganar da suka saba faɗa da ƙarfin zuciya. Aka yi ruwan sama a tsakiyar rani, jama'a suka yi ihu don saurayin ya jiƙe.

Sai lokacinta ya yi. Ta fito da tafiyarta ta ƙasaita, gari ya ɗauki tafi. Ta tsaya daidai inda take tsayawa, 'yan badujala suka ɗauko kan waƙar. Ta sunkuyar da ido ƙasa, inda nake zama. Furen roba.

Kiɗan ya zagayo ya wuce. Mai busa ƙaho ya dubi abokinsa, suka sake ɗaukowa. Ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi furannin, ta dubi fitilu, ta dubi jama'a, na ga hannunta ya fara murza bakin zane, abin da take yi a gida in ta ɓata tsakanin ɗaki da madafa. Sai ta juya wajen yarinyar nan ta Manila, ta taɓa mata kafaɗa.

"Ading, ƙanwata, yi haƙuri, nan ina ne? Mijina nake nema. Ya ce in jira shi, ban san inda ya shiga ba."

A hankali ta faɗa, amma makirfon na ƙirjinta. Ya fita ta kowace lasifika har bakin kasuwa. Yarinyar ba ta jin Ilokano, sai ta yi mata murmushin talabijin ta gyaɗa kai, ta ɗauka cikin wasan ne.

Ban san yadda na tsallake layi uku ba. Na ture kujeru, na taka ƙafar matar magajin gari, na durƙusa a bakin dandamali na watsar da tukwanen nan.

"Baket! Matata! Ga ni nan. Dubi ƙasa."

Ta duba. Na ba ta baitin farko da ka, da ƙarfi, ba raɗa. Ta ɗauka. Wallahi ta ɗauka kamar ba abin da ya faru, ta yi shida ɗin nan cur, kuma ban taɓa jin ta yi su da kyau haka ba. Filin ya rikice da kuka da tafi. Ni kuwa ina durƙushe na waiga, sai na ga Direk Renzo bai ce a tsaya ba, tun farkon ruɗewarta bai ce ba. Yana tsaye bayan mai kyamara yana tura shi gaba da tafin hannu, matsa, matsa, fuskarsa fal murna.

Bayan an tashi na tare shi a bakin motarsu. Ni da ban iya roƙo ba, na cire hula.

"Direk, wurin nan da ta tsaya. Ka yanke shi. Ka bar waƙar kawai."

"Tatang, kada ka damu ko kaɗan." Ya rungume ni, yana ƙamshin turare. "Ba ka san abin da kuka ba mu yau ba."

Mutanen gari dai sun gani da idonsu, wannan ya riga ya wuce. Aka fara aiko mana da miyar ganye ba dalili. Mata suka fara yi mata magana da ƙarfi a hankali. Na ce to, ni na jawo, amma akwai fim ɗin. In waƙar ta fito cikakkiya, ko ba komai an tsira da wani abu.

Aka sa shi wata Lahadi da rana cikin watan biyu, satin da kowane shago ya rataya jar zuciya ta takarda don ranar masoya. Muka zauna mu uku. Wasan awa uku sun mai da shi minti hamsin, da tallan sabulun gashi a tsakani. Tun kafin a fara aka nuno fuskar Prosing cike da gilashin, idonta na yawo, an rage gudun hoton, an sa kukan goge a ƙasa. Wata murya mai zaƙi ta ce wai ku tsaya ku ga soyayyar da mantuwa ta kasa ci. Bayan kowane talla sai sun maimaita. Na ƙirga sau biyar tana tambayar nan ina ne, da fassara a rubuce a ƙasa don kada wani a ƙasar nan ya rasa ganewa. Sai ga ni ina ture kujeru a hankali, bakina a buɗe, kamar saurayin kofi yana bin mota.

Waƙar kuwa, baiti ɗaya suka bari. A kan na biyu aka yanko taurarin nan zaune a kujera mai laushi, hannu cikin hannu, yarinyar na ɗauke hawaye da ɗan yatsa don kada kwalliya ta ɓaci, tana cewa ita ma haka take so su tsufa. Muryar Prosing na can ƙasa ƙasa a bayan surutunsu, sannan ta ɓace.

Wayar Sencia ta yi ta ƙara, 'yan uwa daga ko'ina, wai sun yi kuka, wai mun burge. Ta kife ta a tabarma. Ta miƙa hannu za ta kashe talabijin.

"Bar shi," in ji Prosing.

 Ta matso gaba a kujera, tana kallon lokacin da aka sake nuno tsohuwar na murza bakin zane. Ta girgiza kai, ta yi tsaki.

"Lakay, ka ga abin da suka yi wa baiwar Allah nan? Ba ta da lafiya fa. Ko makaho ya ga ba ta da lafiya. Suka yi mata kwalliya suka tsayar da ita gaban duniya ana kallo."

Sencia ta tashi ta shige madafa.

"Ba ta da kowa ne?" Prosing ta juyo ta dube ni sosai. "Ba ta da 'ya'ya? Wa ya fito da ita daga gida?"

Da na ce ban sani ba, da ta yarda. Nan da minti goma ma ta manta ta tambaya.

"Mijinta ne," na ce.

"Mijinta?" Ta sake duban gilashin, inda nake durƙushe cikin furen roba ana min kiɗan goge. "Wannan? Tir da shi."

"Tir da shi," na ce.

Ta gyara zama, ta ɗaga murya wajen madafa ta ce wa Sencia ta zo ta canja tasha, wannan ba daɗi, a nemo musu na soyayya.